IN KUNNE YA JI, INJI YA TSIRA: ƘARAR TAFET A TSOFAFFIN MOTOCINMU



A wannan fitowa mun ɗan jingine maganar farashin shanu da ta takardun kan iyaka, domin mu taɓo wata magana wadda ta shafi aljihun kowa daga cikinmu, watau lafiyar ƙananan motocin nan da ke kai mu kasuwa. Kowa ya san tirela ce ke kwasar shanu zuwa kurmi, amma kafin sa ya hau tirela sai falke ya isa kara tukuna. Hayis ce ko J5 ke ɗaukarsa, shi da yaransa da jakar kuɗinsa. Ita ke kai 'yan koro inda za su tarbi garke, ita ke jigilar dusa da harawa da kanwa, in kuma Babbar Salla ta gabato ita ake shaƙare wa da raguna. Kasuwa kuwa ba ta jiran kowa. Wanda bai isa Maigatari ran Alhamis ba, ko Illela ran Lahadi, to sai wani mako, ga ciyar da dabbobi, ga kuɗin mutane a hannu.

Motocin nan sun ga jiya sun ga yau. An fara ƙera J5 a 1981, an kuma daina kafin ƙarshen 1994, ke nan autarsu ma ta haura shekara 30. Injunan fetur na Toyota irin su 2Y da 3Y da 4Y tun cikin shekarun 1980 suke aiki. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 sabon kayan gyara ya yi wa da yawa daga cikinmu nisa, aka raja'a ga na gwanjo da ke shigowa ta Kwatano. Inji in ya kai wannan shekaru dole ya yi magana. Maganar da ya fi yi kuwa ita ce ƙas-ƙas-ƙas ɗin nan da ke fitowa daga ƙarƙashin kujerar direba, ko daga cikin bonet.

In ka kai mota gareji, sau da yawa abin da za ka ji shi ne: "Alhaji, tafet ne kawai, je ka abinka." Wani lokaci gaskiya ne, mota ta yi shekaru tana wannan ƙara ba abin da ya same ta. Wani lokaci kuwa wannan "kawai" ɗin ita ke kwantar da inji a tsakiyar daji da tsakar rana, da raguna a cushe a baya cikin zafin bazara. Manufarmu a nan ita ce mai mota ya san yadda ake rarrabe ƙarar da ba ta da lahani da wadda ke kiran a kashe inji nan take, ya kuma san tambayoyin da zai yi wa makaniki kafin a ɗaga sifana.

MENE NE TAFET?

Kowace silinda a waɗannan injuna tana da bawul biyu, wanda makanikan Nijar da Kamaru da Cadi ke kira supap. Ɗaya na buɗewa iska ta shiga, ɗaya na buɗewa hayaƙi ya fita. Abin da ke buɗe su wani dogon ƙarfe ne mai juyawa da ake kira kamshaf, wanda ke da tozo-tozo a jikinsa kamar tozon sa. In tozo ya zagayo sai ya tura bawul ya buɗe, in ya wuce sai sifirin ya mayar da bawul ya rufe. Tafet shi ne ɗan ƙarfen da ke zaune a kan tozon, shi ke karɓar turin ya miƙa gaba. A wasu injuna yakan miƙa wa wata siririyar sanda, sanda ta miƙa wa roka, roka ta danna bawul. A wasu kuwa kamshaf ɗin na sama, tafet na kife a kan bawul kamar ƙoƙo, ba sanda ba roka.

Ƙarfe in ya yi zafi yakan ƙara tsawo. Saboda haka masu ƙera inji suka bar 'yar rata tsakanin waɗannan ƙarafa, domin bawul ya riƙa rufewa ruf ko da inji ya ɗauki zafi. Ratar ba ta da yawa, wani wuri kaurinta bai wuce na takardar rubutu guda ba. In ta yi yawa sai ƙarfe ya riƙa marin ƙarfe. Wannan marin shi ne ƙarar da muke ji.

Akwai abu guda da ya kamata kowa ya riƙe. Kamshaf yana juyawa sau ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf. Ke nan in inji na silo yana juyi 750 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 375, watau kamar sau shida a daƙiƙa. Shi ya sa ƙarar tafet guda take da tsari, siririya, kamar ta keken ɗinki, har mutum na iya bin ta da yatsa a kan sitiyari. In an taka totur sai ta ƙara sauri daidai da inji, amma ba ta ƙara nauyi.

KA FARA SANIN IRIN INJINKA

Ba a yi wa raƙumi maganin jaki. Tafet iri uku ne a motocin da muke hawa, kuma kowanne da hanyar gyaransa.

Na farko shi ne mai sukuru, wanda ake daidaita ratarsa da sifana da sukuddireba. Irinsa ne a injin fetur na J5, wanda ɗan gidan injin Peugeot 504 ne. Da yake an fara harhaɗa 504 a Kaduna tun 1975, da wuya ka shiga garin da ba makanikin da ya san wannan inji. Awonsa shi ne milimita 0.10 a bawul ɗin iska, 0.25 a na hayaƙi, kuma sai inji ya huce sarai. Haka nan injin gas na Mitsubishi L300, watau 4D56, mai sukuru ne, amma shi ana saita shi a kan 0.25 yana da zafi. Ka ga ke nan awon wata mota ba ya yi wa wata.

Na biyu shi ne mai shim, watau wani ɗan faifan ƙarfe kamar kwabo da ke zaune a kan tafet. Irinsa ne a injunan gas na Hayis, 3L da 5L. Babu sukurun da za a murɗa. In rata ta kauce sai an cire faifan an sa wani mai kauri ko mai sirantaka. Awon waɗannan a sanyi shi ne 0.20 zuwa 0.30 a bawul ɗin iska, 0.40 zuwa 0.50 a na hayaƙi.

Na uku shi ne tafet na mai, wanda ke daidaita kansa da kansa. Irinsa ne a akasarin injunan 3Y da 4Y, da kuma injin gas na Marsandi 208D da 308D. A cikinsa akwai ɗan ɗaki da baƙin mai ke cikawa, da wani ɗan ƙwallon ƙarfe da ke tare ƙofa kada man ya koma. In ɗakin ya cika sai tafet ya miƙe ya cinye ratar gaba ɗaya, inji ya yi shiru. In mai bai isa ba, ko iska ta shiga, ko datti ya hana ƙwallon zama, sai tafet ya lotsa, rata ta buɗe, ƙara ta tashi.

Darasin a nan shi ne: a inji mai sukuru ko mai shim, 'yar ƙara kaɗan ba baƙuwa ba ce, maganar awo ce. A inji mai tafet na mai kuwa, ƙara labarin baƙin mai take ba ka. Duk wanda ya ce zai "saita" maka tafet ɗin 4Y mai aiki da mai, to ka tambaye shi me zai murɗa.

TAFET NE KO WANI ABU?

Falke ba ya sayen sa don ya hango shi daga nesa. Sai ya duba haƙori, ya tsaya ya ji numfashi, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Haka ake yi wa inji.

Da fari a samu doguwar sukuddireba ko sandar ƙarfe. A ɗora bakinta a jikin inji, a kara ƙotar a kunne. A fara da murfin bawul, a bi shi daga gaba zuwa baya, sa'an nan a sauko tsakiyar inji, sa'an nan kaskon mai na ƙasa. Ƙarar tafet a sama take fin ƙarfi, sau da yawa ma a wuri guda. Amma don Allah a naɗe hannun riga, a tuɓe babbar riga da rawani, domin fanka da bel ba su san Alhaji ba.

Ga ƙararrakin da ake yawan ɗauka tafet ne alhali ba shi ba ne:

Ƙarar metal, watau kusine. Wannan daga ƙasa take, mai nauyi, kamar ana daka a turmi a bayan gida. Tana ƙaruwa in inji ya yi zafi, ko in an taka totur an saki. Gwajinta a injin fetur shi ne a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba. In an zare ta wata silinda ƙarar ta ragu ko ta ɓace, to ciwon na ƙasa ne, ko metal ko fin ɗin fistin. Ƙarar tafet ba ta damu da wayar fulogi ba, domin kamshaf na juyawa ko silinda ta ci wuta ko ba ta ci ba. A injin gas makaniki yakan sassauta notin bututun nozul maimakon haka, amma kada wanda ya kai hannu kusa, domin ƙarfin feshin gas na huda fata.

Yoyon hayaƙi a manifol. In gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da bututun salansa ya ci, ko noti ya karye, sai a ji fit-fit-fit mai kama da tafet ƙwarai. Alamarsa ita ce ya fi ƙarfi da safe, ya ragu in ƙarfe ya yi zafi ya kumbura, ya kuma ƙaru in mota na hawan tudu. In an duba za a ga baƙin hayaƙi ya shafi wurin.

Ƙarar mugun fetur. Wannan kamar tsakuwa ce a cikin gwangwani, kuma sai mota na jan kaya ko an taka ta a babbar giya ake jin ta. A silo ba ta yi. Tana zuwa in an sha fetur ɗin kwalba da aka gauraya da kananzir, ko in an saita wuta ta yi gaba da yawa, ko inji na ɗaukar zafi. Ba ta da dangantaka da tafet, amma in an ƙyale ta tana ƙona fistin.

Ƙarar nozul a injin gas. Injin gas dama mai surutu ne. In nozul guda ya lalace yakan yi ƙwas-ƙwas mai kaifi, tare da hayaƙi da kakkarwa a silo.

Ƙarar sarƙa. Injunan Y da na J5 sarƙa ce ke juya kamshaf ɗinsu. In ta saki sai a ji karaf-karaf daga wajen da fuli yake, ba ta da tsari irin na tafet. Kazalika famfon fetur na jikin inji, da yake kamshaf ke tura shi, yakan yi tasa 'yar ƙarar da sauri iri ɗaya da na tafet. Sukuddireba ce za ta raba gardama.

YAUSHE TAKE YIN ƘARAR?

In an tabbata daga sama take, kuma injin mai tafet na mai ne, to babbar tambaya ita ce lokacin da take yi. Direba shi ya fi kowa sanin amsar, saboda haka kada a kai mota gareji a bar shi a gida.

In da safe ne kawai, ta yi 'yan daƙiƙoƙi ta ɗauke, to man da ke cikin tafet ne ya tsiyaye da dare. A tsohon inji wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Amma in ta fara ne bayan an yi juyen mai, a tuhumi filta. Filta ta kirki tana da wata 'yar roba a ciki da ke hana mai komawa kasko in an kashe inji. Ta jabu ba ta riƙewa, kullum da safe sai inji ya yi 'yan juyi a bushe. Araha ba ta ado.

In tana yi tun daga safe har sai inji ya yi zafi sa'an nan ta lafa, to ko man ya yi kauri da yawa, musamman da sanyin hunturu, ko dattin tsohon mai ya daskare a cikin tafet ya hana shi motsi.

In kuwa da safe shiru, sai an yi tafiya mai nisa an tsaya a shinge ko a bakin iyaka ana silo sa'an nan ƙarar ta fito, to a nan ne ake buɗe ido. Ma'anarta mai ya tsinke da zafi, ƙarfinsa ya faɗi, ba ya isa sama. Dalilin na iya zama mugun mai, ko fetur ko gas na zurarewa cikin kasko, ko famfon mai ya gaji, ko rariyar da ke tsotso mai daga kasko ta toshe, ko kuma metal ya ci har mai na zubewa ta nan kafin ya hau. Tafet a nan ɗan aike ne kawai. In ka canja shi ba ka taɓa ciwon ba.

In sai ana gudu a kan kwalta take yi, in an rage gudu ta daina, to iska ce ke shiga cikin mai. Ko man ya yi ƙasa famfo na tsotso iska, ko an cika shi ya wuce alama karanshaf na kaɗa shi yana kumfa. Akwai direbobin da ke ƙara lita guda a kan alama wai don tafiya mai nisa. Wannan ba taimako ba ne, cuta ce.

In tana zuwa tana tafiya ba tare da wani tsari ba, ɗan datti ne ke maƙalewa a ƙarƙashin ƙwallon nan, ya fita, ya dawo. In kuma ƙara guda ce mai ƙarfi, safe da rana, zafi da sanyi, to ko tafet guda ya mutu, ko tozon kamshaf ya cinye, ko sanda ta lanƙwashe, ko roka ta ci.

MATAKAN BINCIKE, DAGA MAI ARAHA ZUWA MAI TSADA

Na ɗaya, a duba mai. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe, a jira kamar minti biyar, a zaro geji a goge a mayar a sake zarowa. A duba ko yana tsakanin alamomin nan biyu. A shinshina a ji ko yana warin fetur. A murza a yatsa a ji ko da yashi-yashi. In ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ne ya shiga. In yana ƙyalli da garin ƙarfe a rana, kada a sake tayar da injin. A buɗe murfin zuba mai a leƙa: in an ga baƙin datti ya kama kamar kwalta, to haka cikin tafet yake.

Na biyu, a yi juyen mai, abin da a Nijar muke cewa bidanj, da mai na galan mai hatimi da sabuwar filta ta kirki. A ƙasarmu mai zafi 15W-40 ko 20W-50 su suka dace da waɗannan tsofaffin injuna. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba wanda ya san asalinsa, wani tsohon mai ne aka tace. Bayan juye a yi tafiya mai ɗan nisa a hankali. Tafet da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa a nan suke warkewa. Amma a guji zuba kananzir ko gas a inji a tayar wai don wanki. Yakan ɓamɓaro datti da yawa lokaci guda ya je ya toshe rariya, a je neman ƙiba a samo rama.

Na uku, a auna ƙarfin mai da agogon awo. Kada a dogara da jar fitilar dashbod, domin ita sai ƙarfin ya kusa ƙarewa take kamawa, wasu motocin ma an daɗe da cire ƙwan. Makaniki zai kwance maɓallin fitilar ya ɗaura agogo a gurbinsa, a auna inji na da zafi sosai. Ga 3Y da 4Y, a silo kada ya kasa kilo 0.3 a kan santimita murabba'i, a juyi 3,000 kuwa ya kai 2.5 ko fiye. In bai kai ba, a bar maganar tafet, a sauke kasko a duba rariya da famfo da metal. Wannan awo bai fi aikin rabin sa'a ba, kuma shi ne ya fi kowane bincike amfani.

Na huɗu, sai yanzu a buɗe murfin bawul. A tayar da inji a silo a ga ko mai na isa kowace roka. A danna kowace roka da ƙotar guduma ta itace, wadda ƙararta ta canja ita ce mai laifi. A kashe inji, a juya shi har bawul ɗin ya rufe, a danna rokar ta wajen sanda. Tafet mai lafiya tauri gare shi, wanda ya mutu kuwa lotsawa yake kamar soso. A lura ko akwai rokar da ba ta motsi kamar 'yan uwanta, wannan alamar tozo ya cinye ke nan. A mirgina kowace sanda a kan gilashi, lanƙwasasshiya ba ta ɓuya.

In za a cire tafet, a jera su bi da bi, kowanne ya koma raminsa, domin kowane tafet ya riga ya saba da tozonsa. In tozo ya ci, sabon tafet a kansa ba zai daɗe ba, sai a canja su tare. Haka nan tafet na gwanjo a kan kamshaf ɗinka caca ce.

SHIRU BA LAFIYA BA NE

Wannan gargaɗi na masu J5 ne da L300 da duk inji mai sukuru. Mai mota na son shiru, yaron gareji kuma na son a yaba masa, sai ya ɗaure sukuru da kunne har ƙara ta ɓace ɗungum. Alhaji ya biya yana murna. To amma bawul ɗin hayaƙi a cikin wuta yake zaune, kuma hanyar da yake sauke yawancin zafinsa ita ce in ya zauna daram a mazauninsa. In babu rata, da inji ya yi zafi bawul ba zai rufe sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta ƙona shi. Daga nan sai mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa kakkarwa a silo, ta riƙa harbi ta salansa. Gyaran kuwa sai an sauke kan inji, watau kulas, aikin da kuɗinsa ya ninka na saiti sau da yawa.

Har ila yau, a tsohon inji ratar bawul ɗin hayaƙi takan ragu da kanta, saboda mazaunin na cinyewa bawul na nutsewa. Ke nan injin da a da yake 'yar ƙararsa, yanzu ya yi tsit ba wanda ya taɓa shi, shi ma a auna shi. Ka tsaya a kan makaniki ya fito da fila-geji, watau siraran ƙarafan nan masu lamba, ya nuna maka lambar da ya sa. In injin na saitin sanyi ne, a bar mota ta kwana a gareji a yi da sassafe. Gara bawul mai 'yar ƙara da wanda ya ƙone.

GA MAI SHIRIN SAYEN MOTA

Dukanmu mun san yadda ake ɗura wa dabba kanwa da ruwa ran jajibirin kasuwa don ta yi ciki. To masu sayar da mota ma suna da tasu kanwar: mai mai kaurin gaske, wani har da man giya, don a rufe bakin inji na 'yan kwanaki. Saboda haka ka ce sai ka ga tayarwar farko da safe, ka dafa injin da hannunka ka tabbata da sanyinsa. Ka zaro geji, in mai na bin sa kamar zuma, ka yi hattara. Ka murɗa makulli ka ga jar fitilar mai ta kama kafin a tayar, ta kuma mutu da an tayar. Sa'an nan a yi tafiya har inji ya yi zafi, a tsaya a saurare shi a silo.

A TAFI KO A TSAYA?

In ƙara siririya ce, ta daɗe a haka ba ta ƙaru ba, mai na kan alama, fitila ba ta ƙyaftawa, mota na da ƙarfinta, to a je kasuwa, in an dawo a kai ta awo.

In ƙarar sabuwa ce, ko tana ƙaruwa mako bayan mako, ko sai inji ya yi zafi take fitowa, ko tana tare da kakkarwa, to gareji kafin hanya. Daga Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa, ko daga Damagaram zuwa Maigatari, ba ko'ina ake samun makaniki ba, balle hanyoyin da ba a son dare ya riski mai ɗauke da kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuwa jar fitila ta kama, ko tana ƙyaftawa a silo, ko ƙarar ta koma mai nauyi daga ƙasa, to a gangara gefe a kashe nan take. Kada a ce bari mu lallaɓa zuwa gari na gaba. 'Yan mintoci ba mai sun isa su cinye karanshaf. Kuɗin janwe bai kai na inji ba. In da dabbobi a ciki a sauke su a kai su inuwa, a nemi wata mota.

Daga ƙarshe muna kira ga iyayen gida da su riƙa sauraron direbobinsu. Direban da ya zo ya ce "Alhaji, na ji wata ƙara" ba neman kuɗi yake ba kullum, kuma wanda aka tsawata wa sau ɗaya gobe shiru zai yi. A ajiye ɗan littafi a mota a riƙa rubuta ranar juyen mai da lambar kilomita. A hanyoyinmu masu ƙura kada a wuce kilomita 5,000, masu injin gas ma su rage, a kuma riƙa kakkaɓe matatar iska, domin ƙurar da ta wuce ta a cikin mai take ƙarewa. Su ma direbobi su mayar da duba geji kowace safiya wajibi, kamar yadda makiyayi ke zagaya garke kafin ya kora.

Allah ya tsare mu da tsautsayin hanya, ya sa albarka a fataucinmu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.